Kalmasa Mai Yatsu Shida

Shagon Malam Ɗantsoho tela da ke Ƙofar Durbi ba shi da allon suna, kuma bai taɓa bukatarsa ba. Duk wanda ya ga ɗan aji ɗaya yana tafiya makaranta da ƙafar wando mai kauri kamar an naɗe tabarma a ciki, ya san daga inda wandon ya fito.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana ɗinka kayan makaranta, kuma bai taɓa sakin wando ba sai ya bar masa kalmasa mai yatsu shida, a ninke sau uku, a danne da dutsen guga. Riguna ma haka, na maza da na mata. A lissafinsa yaro yana ƙara yatsu biyu a shekara, don haka wando ɗaya ya isa aji uku. Idan shekarar karatu ta ƙare, cikin tsakiyar damina, sai iyaye su yi ta kawo masa kayan a leda. Ya sa reza ya warware ninki ɗaya, ya sake kalmashewa, ya goge. Yaro ya shiga sabon aji da tsohon wando, ga wani layi mai duhu a ƙafa inda rana ba ta taɓa ci ba. Mai lura yana iya faɗin ajin yaro ta ƙirga layukan, ba sai ya tambaye shi ba.

Sauran teloli suna yi masa kallon mutumin da ke yi wa sana'arsa zagon ƙasa. Masu makarantun kuɗi kuwa, da suka fi son wando ya mutu kafin a tafi hutu, tuni suka sallame shi cikin mutunci. Aikin da suka bar masa ɗaya ne, ɗinka rigunan yaye na 'yan nazare, da hula mai kusurwa huɗu da ake cusa wa kwali. Wannan ba ya bukatar kalmasa, don rana ɗaya ake sawa.

Sana'ar gado ce. Mahaifinsa, Malam Sulaimanu, shi ya cire shi daga firamare yana aji huɗu, lokacin da idon tsohon ya fara kasa ganin kafar allura. Akwai wani yaro a ajinsu da Ɗantsoho yake yi wa lissafi a ɓoye don kada malam ya doke shi. Wannan yaro ya ci gaba da karatu, ya zama babba a wata ma'aikata, har direbansa ya riƙa kawo awon 'ya'yansa shagon a rubuce. Daga nan Ɗantsoho ya fahimci duniya gaba ɗaya, kuma bai sake komawa ya duba fahimtar ba: abin da ya raba mai zama a bayan mota da mai taka keken ɗinki takarda ce. Ranar da aka raɗa wa ɗansa na fari suna ya kafa doka, cewa babu ɗan da zai haifa da zai taɓa keken nan. Sau ɗaya tak aka karya ta. Ya dawo daga masallaci ya tarar da yaron, yana ɗan shekara bakwai, ya haye kujera yana taka keken babu zare, bakinsa har kunne. Wannan shi ne dukan farko da na ƙarshe da ya yi wa wani cikin 'ya'yansa, kuma ƙannen sun gaji labarin tun kafin su yi wayo.

'Ya'ya uku Allah ya bar masa shi da matarsa Rahmatu. Faruk ɗan fari ne, kunya ba ta barin uban ya kama sunansa, sai ya ce “wancan”, ko “babban”. Autan kuma sunan Malam Sulaimanu ya ci, shi ma ba a faɗi, sai Babaji. Ummusalma ta tsakiya ita kaɗai yake iya kira kai tsaye, shi ya sa ta fi kowa shan aike.

Duk ƙarshen shekara su kawo masa takardar sakamako. Ba ya gane yawancin abin da malamai ke rubutawa da Turanci, amma ya san lambobi, ya kuma san jan biro ba alheri ba ne. A takardun 'ya'yansa jan biro bai cika leƙowa ba. Sai ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya ce ba laifi, ya ninke ya sa a aljihun keken, ƙarƙashin maɓallai da kwarkwaro. Sannan ya ce a kawo wando.

Faruk ya yi digiri a labarin ƙasa, ya yi bautar ƙasa can kudu cikin kakin da uban ya rage masa da hannunsa. Shekara shida yana yawo da ambulan mai ruwan ƙasa daga ofis zuwa ofis, har aka san shi a bakin ƙofofi, masu gadi suna tambayarsa ya gida. Yanzu yana jan Napep ɗin wani mutum. Karatun dai bai tafi a banza ba, don babu lungun da bai sani ba daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Sauri. Ummusalma ta gama kwalejin horon malamai, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, inda babban aikinta a zango na uku shi ne koya wa 'yan shekara huɗu yadda za su karɓi takardar yaye da hannun dama su juyo su kalli mai hoto. Ita ce ke kawo wa uban aikin rigunan. Ta taɓa ce masa a yanzu yaro sai an yaye shi sau huɗu kafin ya gane babu inda za shi. Ya ce mata ba a yi wa ilimi irin wannan magana. Ta ce to, Baba.

Saura Babaji, wanda bana yake gama sakandare. Dogo ne, tun bara ya wuce uban, wandonsa ya cinye yatsu shidan tun zangon farko. Jarrabawar shiga jami'a ya ci ta da maki mai kyau. Ɗantsoho ya yanka kaftani uku da awonsa ya ɓoye a ƙasan tebur, yana yi musu aiki kaɗan-kaɗan idan babu kowa. A ransa na farko da ta biyu rashin sa'a ne. Na uku shi ne zai nuna lissafin daidai yake.

Wata safiyar Asabar, Ɗantsoho yana shan koko, Rahmatu ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi ba da safe. Ta ce ta ɗaga katifar Babaji za ta shanya, ta ga tocila irin wadda ake ɗaurawa a goshi, da tabarau na roba, da jarka da aka ɗinke da buhu. Ta tsare shi, bai yi mata ƙarya ba. Shi da abokansa biyu za su tafi haƙar zinariya can bayan Agadas, kusa da iyakar Aljeriya, da zarar an yi bikin yaye su. Ta faɗa kamar mai ba da labarin gidan wasu, sannan ta ɗauki kwanon ƙosai ta matsar da shi kusa da mijin, ko da yake yana kusa.

Ba wanda zai yi wa Ɗantsoho bayanin wurin. Ɗan Lami maƙwabciyarsu ya tafi shekara uku da suka wuce. Wata huɗu yana bugo waya, daga nan shiru. Lami ba ta zauna makoki ba, ba ta kuma daina share ɗakinsa ba. Akwai kuma wani da ya dawo da ƙafa ɗaya a shanye, ya zauna a bencin ƙofar shagon bara ya ba da labari. Ya ce wanda rami ya rufta da shi, ko ƙishirwa ta kashe a hanya, nan ake binne shi inda ya faɗi, kuma galibi babu takarda a jikinsa, don takardu tun a shingayen hanya suke salwanta. Amma ya ce babu gawar da ake rufewa sai wani ya farke mata ƙugun wando da kalmasar ƙafa, saboda nan mutane ke ɓoye ɗan abin da suka samu. A lokacin Ɗantsoho ya saurara ne a matsayinsa na tela. Har ya tambaya da hannu suke kalmasar ko da keke.

Matakin farko da ya ɗauka shi ne ya yi kamar bai ji ba. Kwana uku yana haka, maganar ba ta fasa zama gaskiya ba.

Sai ya kai ta ga Malam Yohanna. Shi tsohon hedimasta ne, mutumin Kagoro, wanda ya zo Katsina aiki yana saurayi ya yi ritaya a cikinta. Kullum bayan la'asar yakan taso daga Ƙofar Kaura a tsohon babur ɗinsa ya zo ya zauna a bencin shagon. Yakan ce shi da tela kamfani ɗaya suka buɗe, shi ya cika wa yara kai, tela ya rufe musu ƙafa, kuma aikin tela ya fi nasa ƙarko. Da ya ji batun sai ya gyara tabarau ya ce a bar masa, yara dubu nawa suka bi ta hannunsa.

Aka kira Babaji. Ya durƙusa ya gaida Hedimasta, ya tambayi gida da iyali da gajiya da ruwan jiya. Malam Yohanna ya yi jawabi na kusan awa guda, ya faro daga zuwan boko ƙasar nan, ya bi ta kan mutanen da suka tashi daga babu suka zama wani abu, yawancinsu sun rasu tun kafin a haifi mai sauraro. Babaji bai ɗaga kai ba. Da aka gama ya yi godiya, ya ce Allah ya saka da alheri. Sannan, cikin ladabi, ya tambaya ko Yaya David yana lafiya. David shi ne babban ɗan Hedimasta, mai digiri biyu, wanda ke tsaron ƙofar wani otal a Abuja.

Malam Yohanna ya ce yana lafiya. Ya ɗan ƙara zama don kada a ce tambayar ce ta tashe shi, sannan ya ce hadari na haɗuwa, ya hau babur.

Saura Faruk. Da yake uban ba ya iya zama da shi su yi doguwar magana, ta bakin Rahmatu aka aika masa, cewa ya ja ƙanensa gefe ya nuna masa amfanin karatu, tunda shi ya yi. Sai daga baya Ɗantsoho ya ga inda dabarar ta yi rauni. Faruk ba shi da lokacin zama, don haka a Napep ya ɗauki Babaji, suka yi wunin aiki tare. Da suka dawo uwar ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce ya faɗa masa karatu yana da amfani. Ta ce shi kuma ya ce me. Ya ce bai samu ya amsa ba, don daidai nan wata mata ta tsayar da su, sai da suka sauka suka ɗora mata buhun gawayi biyu.

Ranar bikin yaye Ɗantsoho ya sa farar shaddarsa ta sallar bara ya tafi. An kafa rumfuna a filin makarantar, an jera kujerun roba, manyan baƙi a gaba, iyaye a inda rumfa ke ɗiga. An ce ƙarfe goma, aka fara sha biyu da rabi, lokacin da babban baƙo ya aiko wakili. Wakilin ya karanta cewa waɗannan yara su ne manyan gobe. Ɗantsoho ya tuna an faɗi haka a bikin Faruk, an faɗa a na Ummusalma, a wannan fili, kuma kamar da wannan lasifika mai kukan. Ya yi tunanin goben nan tana da haƙuri ƙwarai.

Da jawabi ya yi tsawo sai idonsa ya koma inda ya saba. Ya riƙa bin ƙafafun yaran da ke jere. Ya gane nasa ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, layi biyu masu duhu, kalmasa ta ƙare, idon sawu a waje. Ba su kai goma ba cikin ɗari da wani abu. Sauran duk ɗinkin kamfani ne da ake kawowa a dila.

Aka kira Sulaiman Ɗantsoho, na ɗaya a kimiyya. Uban ya sunkuyar da kai da jin sunan, kamar yadda ya saba. Babaji ya fita, wakili ya miƙa masa kyauta, aka yi hoto. Kyautar littattafan rubutu ne dozin guda, abin da ya dace da mai barin makaranta. Ɗantsoho ya ji ƙirjinsa ya cika duk da haka, har ya ji haushin kansa.

Bayan an tashi yaran suka yi abin da ake yayi yanzu. Kowa ya fito da alƙalami mai kaurin baki, suka hau rubutu a fararen rigunan juna, sunaye da addu'o'i da zane-zane, ana ta ihu ana hoto da waya. Ɗantsoho yana tsaye a gindin wata dalbejiya ya ga rigar da ya yi shekara uku yana lallaɓawa ta koma allo cikin minti goma. Rigar ba ta da wanda zai gaje ta.

Washegari bayan la'asar, Malam Yohanna bai zo ba, Babaji ya shigo shagon da leda a hannu. Ya durƙusa ya yi sannu da aiki, ya tambayi gajiyar jiya, uban ya amsa ya tambayi tasa. Suka ja gaisuwar har ta ƙare, babu sauran abin da za a tambaya. Sannan yaron ya fito da wani wando mai kauri, ruwan toka, mai aljihu a cinya, irin na gwanjo. Ya ce ya yi masa tsawo, ko Baba zai rage masa.

Ɗantsoho ya karɓa ya juya shi ciki waje, ya duba ɗinkin. Mai kyau ne.

“Wanga ba wandon jami'a ba ne,” ya ce.

“A'a, Baba.”

“In na ce ban yarda ba hwa?”

“Sai in zamna.” Babaji bai ɗaga ido daga ƙasa ba. “Wallahi in ka ce in zamna, zan zamna. Amma ka hwaɗa mani, in zamna in yi mi?”

Uban ya ce karatu mana, ba ga shi ya ci ba. Yaron ya ce haka ne. Shekara huɗu, in ba a yi yajin aiki ba, sai bautar ƙasa. Sannan shi da Yaya su raba Napep, ɗaya safe ɗaya marece. Bai faɗa da izgili ba. Da izgili ne da uban ya samu abin kamawa.

Ɗantsoho ya dubi shagon kamar wanda ya ajiye amsa a wani wuri ya manta. Idonsa ya tsaya a kan keken. Abin da ya fito daga bakinsa shi kansa bai san yana nan ba.

“Ga keke.”

Babaji ya ɗago a karon farko. “Baba, ko zare ban iya sa ma allura ba.”

“Koyo ba wuya.”

“Haka ne.” Babaji ya dubi ƙofar shagon. “Tun sahe mutum nawa suka shigo, Baba?”

Mutum biyu ne, kuma dukansu sakin kalmasa suka kawo. Ɗantsoho bai faɗa ba, yaron ma bai jira a faɗa ba. Shekara talatin yana kare 'ya'yansa daga wannan keke, ya kuma yi nasara, sai ga shi yau yana miƙa shi a lokacin da babu abin da ya rage a cikinsa. Da ya bar babban ya ci gaba da takawa ranar nan, da wataƙila yanzu akwai shago na biyu a wata unguwa, mai injin lantarki da aikin wuya irin na zamani. Wataƙila kuma babu. Wannan lissafi ne da ba shi da wanda zai duba masa.

Kalmar hanin tana bakinsa, kuma ya san za ta yi aiki. Yaron ba mai tsallake maganar uba ba ne. Zai zauna, ya je jami'a da kaftani uku, ya dawo da ambulan, ya fara gaisawa da masu gadi. Uban zai samu 'ya'yansa uku cif a gabansa, kowa da takardarsa, kowa yana gaishe shi da safe ba ya kallon idonsa. Ya tuna fuskar Faruk idan ya shigo da magariba yana goge hannu da tsumma. Ya tuna Lami da tsintsiyarta. Ya auna biyun, ya rasa wanda ya fi sauƙi, ya kuma rasa dalilin da zai sa zaɓin nasa ya fi na yaron, tunda nasa an riga an gwada shi sau biyu.

Ya zare tef daga wuyansa.

“Miƙe tsaye.”

Ya durƙusa ya auna daga ƙugu zuwa idon sawu, ya sa alli ya yi alama. Wannan ne karo na farko da ya auna Babaji bai ce masa ya ƙara tsawo ba. Ya ce ya dawo jibi.

Washegari bayan azahar ya tura ƙofar shagon rabi. Ya ɗauko rigar makarantar da aka yi wa rubutu, wadda ya karɓa daga hannun Rahmatu da sunan zai yi tsumma da ita. Ya warware kalmasarta ta ƙarshe, inda alƙalamin yaran bai kai ba, ya yanko ƙyalle biyu farare, kowanne tsawon tafin hannu. Ya sa baƙin zare a keke. Ya saba ɗinka sunayen makarantu a aljihun riga, hannunsa ya san haruffa ko da kansa bai gama saninsu ba. Biro yana wankewa, zare ba ya wankewa.

Ya ɗinka SULAIMAN ƊANTSOHO. Tun da aka haifi yaron bai taɓa furta sunan ba, bai taɓa rubutawa ba, ko a makaranta Ummusalma ce ke cike takardu. Ya ga sunan mahaifinsa da nasa a jere a kan farin ƙyalle, ya ɗan dakata, sannan ya ci gaba. ƘOFAR DURBI KATSINA. A ƙasa ya ɗinka lambar wayarsa, yana duba ta a jikin bango inda Ummusalma ta rubuta masa, lamba ɗaya bayan ɗaya, sau biyu yana sake ƙirgawa. Biyu ya yi, kowace ƙafa ɗaya, don bai san ta wadda mai farkewa zai fara ba.

Wandon bai yanke masa ko yatsa ɗaya ba. Ya shimfiɗa ƙyallen a ciki, ya ninke sau uku, ya bi da ɗinki biyu, ya danne da guga. Kalmasar ta fito da kauri, irin wadda duk mai neman abin ɓoye zai fara kai wa wuƙa. Ya san wanda zai karanta wannan aiki ba mutumin kirki ba ne. Fatansa kawai a ce ɓarawon yana da uwa, yana kuma da ɗan kati a waya.

Da Babaji ya gwada, tsawon ya zauna daidai. Ya taɓa ƙafar wandon ya yi murmushi.

“Baba, ai na gama tsawo.”

“Hannu ne ya saba,” in ji uban. Ya ce kada ya sayar da wandon ko wuya ta yi wuya, kada ya ba wani aro, in ya wanke ya tsaya a kansa har ya bushe. Yaron ya ce to, yana jin wannan irin faɗan tela ne.

Ranar Laraba da hantsi suka tafi. Rahmatu ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji, ta shige ɗaki tun kafin a fitar da jaka. Faruk ne ya kai shi tasha a Napep, bai ɗauki fasinja ba a hanya. Ɗantsoho bai raka su ba. A ƙofar shago yaron ya durƙusa, uban ya dafa masa kai ya ce Allah shi tsare, Allah shi ba da abin da aka je nema. Ya tsaya yana kallon ƙafar wandon har Napep ɗin ya sha kwana.

Kaftani ukun suna nan a ƙasan tebur. Sun yi wa Faruk tsawo, kuma uban bai ga hanyar da zai bi ya ce masa ya zo a auna shi ba.

Babaji ya bugo daga Maraɗi, ya bugo daga Agadas, ya ce daga nan sai inda aka samu sabis. Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, Ummusalma ta duba a waya ta je aka buga mata a takarda ta kawo. Babu faɗuwa ko ɗaya. Ɗantsoho ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya ce ba laifi. Ya ninke ya sa a aljihun keken. Aljihun ya cika, sai da ya danna kafin ya rufu.

Da can wayarsa a cikin gwangwanin maɓallai take zama, ta yi ta kuka har ta gaji idan yana tsakiyar ɗinki. Yanzu a kan tebur take, kusa da almakashi, kuma kullum sai ya aika an yi mata caji ko da ba ta sauka ba. Malam Yohanna ya ce tela ya waye. Ɗantsoho ya ce zamani ne. Bai faɗa masa ba, bai faɗa wa Rahmatu ba, cewa yanzu mutum biyu ne za su iya kiransa daga can, kuma ɗayansu bai san shi ba.

Ana saura mako guda a koma makaranta wayar ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken, allura a cikin yadi. Ya bar ta ta yi kuka sau uku kafin ya ɗauka. Wata mata ce daga Ƙofar Kaura. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki da iyali, ta ce an ba ta lambarsa ne, 'yarta za ta shiga aji ɗaya, an ce shi yana ɗinkin da ke kai wa shekara uku.

Ya ce yana yi. Ya ce ta kawo ta a auna.